Ba Baki Ne Ya Kashe Kuroton Ɗinki Ba, Yaya

Yau maganar wata shuka ce da ta fara cika gidajenmu daga Yamai har Maraɗi da Damagaram, wadda masu sayar da shuke-shuken ado ke kira kuroton. Kun san ta: ganye mai kauri, ga ja, ga rawaya, ga ruwan goro, ga kore, sai ka ce wani ya zauna ya yi mata zane da hannu.

Kwanakin baya na je gaida wata yayata, na tarar ta fito da tata tsakar gida, sanda ce kawai ta rage da ganye 3. Jika 4 ta saye ta, kuma ita ce ta uku da ta lalace mata. Ta ce wallahi baki ne, tun ranar da mata suka zo barka suka yi ta yabo ganyen ya fara zuba. Na ce Yaya, ina kike ajiye ta? Ta nuna min lungun salo, bayan kujera, inda labule ke rufe dare da rana saboda zafi. To ruwa fa? Safe da yamma, ba fashi. Na sa yatsa cikin ƙasar, sai na ji laka mai wari. Tukunyar roba ce, ko huda ɗaya babu a gindinta.

Ni dai ra'ayina, mu ke kashe kuroton da kanmu, muna hana ta haske muna cika ta da ruwa, sannan mu ɗora wa maƙwabta.

Asalinta daga yankin Indonesiya da Malesiya ne, inda iska ke da laima. Da muka ji haka sai muka ɗauka ruwa ne kawai maganarta. Alhali launin nan da ya sa kika fidda kuɗinki, haske ne ke fito da shi. Ki ajiye ta cikin duhu, sabon ganye zai fito kore zalla, sai ki ce mai sayarwa ya cuce ki. Amma kuma kada a ji haka a kai ta tsakiyar rana. Ranarmu ta Afrilu da Mayu, mai wuce digiri 40, ƙona ganyen take. Abin da ke yi mata daɗi shi ne ranar safe zuwa hantsi, daga nan inuwa mai haske: baranda mai kallon gabas, ko gindin bedi inda rana ke ratsowa kaɗan-kaɗan.

Maganar ruwa kuwa nan ne tarkon yake. Saiwa na buƙatar iska. In ta kwana ta wuni cikin laka ruɓewa take, in ta ruɓe ba ta iya shan ruwan, sai ganye ya yi laushi kamar mai ƙishirwa. Mai gida ta gani, tausayi ya kama ta, ta ƙara zubawa. Shi ke nan an gama. Yatsa ne alƙali. A sa shi cikin ƙasa kamar gaɓa ɗaya, in an ji bushewa a zuba har ruwa ya fito ta ƙasan tukunya, in da danshi a bari. Da bazara tana iya nema kullum, lokacin sanyi a yi kwanaki ba ta nema ba. Da hunturu kuma busasshiyar iska da ƙura ke wahal da ita, sai a riƙa goge ganyen da tsumma mai ruwa, ana duba bayansa, don nan ƙananan ƙwari masu saƙa kamar gizo-gizo ke ɓuya. Kuma a nisanta ta da bakin kilim.

Masu sayarwa ma suna da nasu laifin. Mutum ya karɓi kuɗinka, ya miƙo maka shuka, ko kalma biyu ba zai ce maka ba. Ko da cewa in an canja mata wuri takan zubar da ganye na ɗan lokaci, kada a jefar. Ko cewa farin ruwan da ke fita in an karya ta yana sa ƙaiƙayi, kuma ba a kai shi baki. Dangin aguwa ce da zurma, don haka gidan da ke da yaro mai rarrafe a ɗaga ta sama.

Na san wani zai ce, a garin da ake sayen ruwa wurin ga-ruwa, ina mu ina shukar da ba a ci? Maganarsa tana kan hanya. Sai dai tukunya ɗaya, in an bi ƙa'ida, buta guda ta ishe ta. Ɓarnar tana wurin mai zubawa safe da yamma har abin ya mutu, ya sake sayen wani. Wanda kuma gidansa ba wurin da haske ke shiga, gaskiya ya bar kuɗinsa a aljihu.

Ta Yaya dai na kankare jikin sandar da farce, na ga har yanzu kore ne a ciki. Muka yanke ruɓaɓɓiyar saiwar, muka sauya mata ƙasa da ɗan yashi cikin tukunyar ƙasa irin ta Mirya da muka huda, muka ajiye ta baranda. Jiya ta aiko min da hoto, toho 2 ya fito. Har yanzu dai ba ta janye maganar bakin ba.