Ƙaramin Sani Ƙuƙumi Ne: Ga Masu Aiko Samari Koyon Aikin Mishan

'Yan'uwa ɗalibai, mu da muka ɗora alƙalami a kan wannan takarda ɗakinmu ɗaya, tukunyarmu ɗaya, akwai mai zuwa masallaci ranar Juma'a, akwai mai zuwa majami'a ranar Lahadi. Mun faɗi haka tun farko don kada wani ya ce wariyar addini ce ta sa mu magana.

A hutun da ya wuce wata ƙungiya ta kawo samari nan Sakkwato koyon aikin mishan na wata uku. Ɗayansu ƙanen abokin ɗakinmu ne, ɗan shekara 19, daga wani ƙauye na wajen Kagoro. Yaro ne mai ladabi, mai himma. Ran nan ya nuna mana takardun darasinsu mai suna Addinan Duniya. Musulunci shafi 4, addinin Hindu shafi 2, na Buddha shafi 1, na gargajiya rabin shafi. A ƙarƙashin kowanne kuwa an jera rauninsa da dabarun kayar da mabiyansa a gardama. Cikin kwana 5 aka gama, aka ce su fita gari.

Muka tambaye shi ko ya san akwai sura guda a Alƙur'ani mai sunan Maryamu, ya ce bai taɓa ji ba. Bai san bambancin Ƙadiriyya da Tijjaniyya da Izala ba, bai san wanda ke kwance a Hubbare ba, bai taɓa cin tuwo a gidan Musulmi ba. Jama'a, laifin wa? Lalle ba na yaron ba ne. Laifin waɗanda suka sallamo shi da shafi 4 ne, su kuwa suna can zaune a inuwa.

Ba mu ce kada Kirista ya yi shelar bishara ba. Sashe na 38 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin bin addininsa da yaɗa shi, mu kuma muna bayan wannan. Abin da muka ƙi shi ne a kira jahilci horo.

Garin nan ba baƙon tambaya ba ne. A shekarar 1824, da Baturen Ingila Kyaftin Clapperton ya iso fadar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, sai Sarki ya tambaye shi ko mutanensu Nasturiyawa ne ko Sosiniyawa, watau ɗariƙu biyu na Nasara masu saɓani a kan matsayin Yesu Almasihu. Baƙo ya kame da cewa su Furotesta ne. Ashe shekara 200 da suka wuce mai masauki ya san rabe-raben addinin baƙonsa. Yau kuwa, da jami'o'i da ɗakunan karatu da intanet, ana aiko baƙo bai san ko sunan ɗariƙar mai masaukinsa ba, mu ma masu masaukin mun bar gadon tambaya. Cikin ɗalibai Musulmi mutum nawa ne zai iya faɗin bambancin Katolika da ECWA? Kunyar ta kowa ce.

Tarihin mishan kansa ya isa ishara. A watan Disamba 1893 samari uku, Gowans da Kent da Bingham, suka sauka Ikko da niyyar shigowa ƙasar Sudan. Kafin 1894 ta ƙare ciwo ya kashe Gowans a Girku, ya kashe Kent a Bida. Himma gare su, sanin ƙasa ne babu. Waɗanda suka bar abin tunawa su ne waɗanda suka zauna suka koya. Likita Mila ya yi shekaru a Zariya yana nazarin Hausa kafin Littafi Mai Tsarki ya fito da harshenmu a 1932, Bargery kuma ya fitar da ƙamusunsa a 1934. Nan kusa da mu, a Amanawa, da jinyar kutare 'yan SIM suka shigo a 1937. Kome za mu faɗa game da zamansu a inuwar mulkin mallaka, ba za mu ce sun yi ƙyuyar karatu ba. To, don me jikokinsu a aiki za su wadatu da kwana 5?

Kada a ɗauka wasa muke. A watan Maris 1987 wutar da ta ci Kafanchan har ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, daga taron ɗalibai ta tashi a Kwalejin Ilimi, a kan kalaman mai wa'azi. A watan Mayu 2022 kuma, a garin nan, a harabar makaranta, gungun mutane suka kashe wata ɗaliba Kirista bisa zargin ɓatanci. Muna faɗa da babbar murya: babu kalmar da ta halatta wa taron titi zubar da jini, wanda ya yi kuwa mai kisan kai ne, ko wane tambari ya ɗauka. Amma mai aiko yaro wurin da ya san kalma tana iya jawo ajali, bai koya masa nauyin kalma ba, shi ma zai amsa tambaya.

Sa'an nan ga maganar kewa. An karɓe wayoyinsu, ba a ba su sai ran Lahadi da yamma. Yaron nan ya baro mahaifiyarsa ba ta da lafiya, ya kuma rasa bikin yayarsa. Da ya kai kuka, sai aka ce masa kewar gida raunin bangaskiya ce. Ina aka samo wannan? Linjilar da suka ɗora masa ta nuna Yesu yana kan gicciye bai manta da uwa tasa ba, sai da ya danƙa ta a hannun almajirinsa.

Wani dare muka tarar da shi a bakin baranda yana share hawaye. Wanda ya miƙa masa waya ya ce, "Ƙanena, kira Mama," abokinmu ne Musulmi, wanda aka kai shi almajiranci yana ɗan shekara 8, ya yi damina uku bai ga tsohuwarsa ba. Suka raba dare suna hira, wannan yana ba da labarin tsangaya, wancan yana ba da na dutsen garinsu. Abin da ya koya game da Musulmi a daren nan ya fi shafi 4 nesa ba kusa ba. Masu horon suna so su kashe masa kewa, alhali kuwa ita ce ƙofar da ta sada shi da mutanen da aka aiko shi wurinsu.

Saboda haka muna kira kamar haka. Na ɗaya, duk ƙungiyar da za ta koyar da addinin wasu ta gayyato mai addinin ya yi bayani da bakinsa, ɗalibai su tambaye shi. Na biyu, kada a fitar da yaro gari sai ya zauna da mutanen gari, ya iya gaisuwarsu, ya san abin da suke girmamawa. Na uku, a daina raba yara da muryar iyayensu da sunan horo. Na huɗu, Ƙungiyar Ɗalibai ta shirya zama sau ɗaya kowane zango, inda 'yan MSS da 'yan FCS za su bayyana wa juna abin da suka gaskata, ba muƙabala, ba tafi, ba wanda ya ci. Tun 1999 manyanmu suke da majalisar NIREC ta shugabannin addinan biyu. Mu da muke kwana ɗaki ɗaya me muke jira?

Yaron ya koma gida, ya tarar da mahaifiyarsa ta sami sauƙi. Baɗi za a aiko wani. Masu aikowa su zaɓa: ko su ba shi ilimi, ko su bar wa uwarsa ɗanta.

Haza wassalam.