Kayan wani a ɗakinka, laifi a wuyanka?

Ya kai ɗan'uwa mai zaɓe na Birnin Konni, Ɗan Isa da Magarya, ka san abin da ke samun direban da aka ba buhu a ɗaure. In 'yan duwan suka kwance suka ga haram, shi ake kamawa, mai kaya yana gida kwance.

Irin wannan buhun matasanmu ke ɗauka yau. Suna ba da hayar ma'ajiyar kwamfutarsu ga tsare-tsare irin su Storj da Sia, ana biyansu da kuɗin intanet. Bayanan na baƙi ne, a kulle suke zuwa. Ɗanka bai san abin da yake ajiyewa yana aikawa ba, amma adireshin layinsa a fili yake.

Lokacin da aka kafa ta a 2019, dokar laifukan intanet ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 3 kan yaɗa bayanin da aka ce yana tada hankalin jama'a. A 2020 aka ƙara da dokar sauraren sadarwa. To, wa zai kare ɗanka?

Mu 'yan adawa mun ce a gyara doka: laifi ya hau kan mai kaya, kuma kada a leƙa layin kowa sai da izinin alƙali.

Ranar zaɓe, ka ba mu ƙuri'arka.