Sigari: Kara Ɗaya Ke Karya Alkawari

Hausawa na cewa abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Wanda ya san ƙasar zai ƙara da cewa ba ya barin Obi ma, domin ƙaramar hukumar Obi ta Jihar Nasarawa a tsakanin garuruwan nan biyu take, kuma hanyar motar da ta tashi daga Lafiya ta nufi Awe ta cikinta ta ratsa. Ƙasa ce ta noma, mai doya da riɗi da agushi da shinkafa, inda Alago da Migili da Tibi da Hausawa da Fulani ke cin kasuwa ɗaya. To, abin da ya ci manyan biranen ƙasar nan bai bar ta ba. A tashar mota, da bakin kasuwa, da inuwar da 'yan acaɓa ke jiran fasinja, da wuya a rasa mai tebur wanda ya jera ashana da alewa da goro, ga kwalin sigari a buɗe a gefe, ana zarar kara ɗai-ɗai.

Wannan buɗaɗɗen kwali shi ne babban abokin gabar duk wanda ya yi niyyar barin sigari.

Alal misali, a ɗauki magidanci mai lodin doya a mota, wanda tari ya hana shi barci, uwargida kuma ta dame shi da magana. Ya yi rantsuwa ran Juma'a cewa shi da sigari har abada. Asabar ta wuce da kyar. Ran Lahadi kansa ya yi nauyi, ya yi wa yara tsawa ba gaira ba dalili. Ran Litinin ya fito tasha, abokin aikinsa ya kunna tasa, ya dube shi ya ce, "Haba ɗan'uwa, kara ɗaya me zai yi maka?" Da kwali guda za a ce ya saya, da ya tsaya ya yi lissafi, watakila ma ya ji kunyar idon jama'a. Amma kara ɗaya canjin da ke aljihu ya isa, in babu ma mai tebur ya san shi, zai ba shi bashi. Kafin sati ya zagayo ya koma gidan jiya, har ya ƙara da yarda cewa shi mutum ne marar zuciya.

Nan ne ya yi wa kansa rashin adalci. Sabo turken wawa ne, gaskiya ne, amma turken sigari yana da suna, likitoci kuma sun san yadda aka kafa shi. Cikin ganyen taba akwai wani sinadari da ake kira nikotin. Idan aka zuƙi hayaƙi, nikotin kan isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20, ya sa ta saki wani sinadarin mai suna dofamin, wanda ke kawo ɗan jin daɗi da natsuwa. Da tafiya ta yi tafiya sai ƙwaƙwalwa ta sake tsarinta, ta riƙa jiran wannan rabo kamar yadda jariri ke jiran nono. Nikotin kuwa ba ya daɗewa a jini, cikin kamar awa 2 rabinsa ya tafi. Shi ya sa mai shan sigari ke laluben aljihu bayan kowane ɗan lokaci, shi ya sa kuma karan asuba ya fi kowanne daɗi a wurinsa, domin jiki ya kwana da yunwarsa. Natsuwar da yake cewa sigari na ba shi, akasarinta sauƙin damuwar da rashin sigarin ne ya haddasa tun farko. A shekarar 1988 babban likitan gwamnatin Amurka, C. Everett Koop, ya fitar da rahoton da ya bayyana cewa kamun da nikotin ke yi wa mutum irin na hodar iblis ne. Bincike kuma ya nuna cewa cikin mutum 100 da suka yi yunƙurin bari ba tare da wani taimako ba, kamar 3 zuwa 5 ne ke kai labari a wannan yunƙurin. Saboda haka faɗuwar magidancin nan ba abin mamaki ba ce, kuma yawancin waɗanda suka rabu da sigari sai da suka faɗi ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Taba dai ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun farkon ƙarni na 17 malamai ke jayayya a kanta, har Ahmad Baba na Tambutu ya yi rubutu yana ganin halaccinta, wasu malaman kuwa suka ƙi. Kakanni sun san lofe, sun san taba gari da ake haɗawa da kanwa, mata kuma sun rina haƙora da furenta. Sigarin kamfani ne ya zo daga baya: an kafa masana'anta a Ibadan a 1937, aka kafa wata a Zariya a 1959, dattawa kuma har yanzu suna tuna Three Rings da Target. A lokacin nan ne kuwa asirin sigari ya fara tonuwa a Turai. A 1950 wasu masana biyu na Ingila, Richard Doll da Bradford Hill, suka nuna alaƙarsa da ciwon dajin huhu. Daga 1951 aka shiga bin rayuwar dubban likitocin Ingila har shekara 50, sakamakon da aka buga a 2004 ya nuna cewa mai shan sigari kan yi asarar kimanin shekara 10 na rayuwarsa in aka kwatanta da wanda bai sha.

Amma akwai albishir a cikin wannan binciken, wanda ba a cika faɗa wa mutane ba. Wanda ya bari yana ɗan shekara 30 ya tsira da kusan dukkan shekarun nan 10. Mai 40 ya tsira da kamar 9, mai 50 da 6, mai 60 ma da 3. Dattijon da ke cewa ai shi bakin alƙalami ya riga ya bushe, lissafi bai goyi bayansa ba.

Shi kuwa zancen "kara ɗaya me zai yi", an amsa shi. Wani babban nazari da aka buga a Ingila a 2018 ya gano cewa mai shan kara ɗaya tak a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya da ke kan mai shan kara 20. Watau ragewa ba ta raba mutum da haɗari gwargwadon yadda yake zato. Hayaƙin yana ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kimanin 70 daga ciki masu haddasa ciwon daji ne, akwai kuma kabon monoksaid, gubar nan ta hayaƙin janareta da ke kashe iyali a ɗaki cikin dare. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe mutum fiye da miliyan 7 a kowace shekara, fiye da miliyan 1 daga cikinsu ba su ma taɓa kunna ta ba, hayaƙin wasu suka shaƙa. Ga kuma tarin fuka, wanda Nijeriya ta fi kowace ƙasar Afirka yawan masu fama da shi, sigari kuwa yana buɗe masa ƙofa, yana kuma wahalar da maganinsa.

Hukuma ba ta jahilci wannan ba. A 1990, zamanin Janar Ibrahim Babangida, lokacin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti na Ministan Lafiya, aka kafa dokar soja mai lamba 20 wadda ta hana shan taba a wasu wuraren taruwar jama'a. A 2005 Nijeriya ta amince da yarjejeniyar duniya ta yaƙi da taba. A 2007 Jihar Kano da wasu jihohi suka kai manyan kamfanonin sigari ƙara kotu. A watan Mayu na 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan dokar taba ta ƙasa, wadda ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma ce ba a sayar da sigari sai a rufaffen kwali mai kara 20. A 2017 Ministan Lafiya na lokacin, Farfesa Isaac Adewole, ya sake shelar cewa sayar da kara ɗai-ɗai haramun ne a doka. Waɗanda suka rubuta wannan sashe sun san abin da suke yi, domin kara ɗaya ne ƙofar da yaro ke shiga, shi ne kuma ƙofar da mai bari ke komowa. Sai dai doka tana takarda a Abuja, kwali yana buɗe a tasha. Mai tebur ma, a yi masa adalci, mai yiwuwa ba wanda ya taɓa gaya masa akwai dokar, kuma ribar da yake samu ta cefanen yini ce. Kama shi a ɗaure ba zai gyara kome ba muddin ba a fara da wayar da kai ta bakin sarakuna da shugabannin kasuwa da na ƙungiyar direbobi ba.

Kafin hukuma ta farka, mai son bari yana da abin yi, kuma sanin hanya rabin tafiya ne. Wahalar barin nikotin tana da iyaka. Takan fara cikin yinin farko, ta kai ƙololuwa a kwana na 2 zuwa na 3, sannan ta riƙa sauka cikin mako 2 zuwa 4. Ciwon kai, saurin fushi, rashin barci, yawan jin yunwa, duk alamu ne na jiki yana komawa saitinsa. Ita kanta sha'awar ba ta zama, takan taso kamar guguwa ta lafa cikin 'yan mintoci, ko an sha ko ba a sha ba. Magidancin da aka ba da misalinsa ya faɗi ne a daidai ranar da ta fi kowace tsanani, yana tsammanin haka abin zai dawwama. Da ya san gangara ce a gabansa, watakila da ya cije.

Musulmin da ke cikin masu shan sigari yana da hujja a kan kansa: kowace shekara yakan yi wata guda yana kame baki daga alfijir zuwa faɗuwar rana, fiye da awa 12, bai mutu ba. Kuskuren shi ne da an sha ruwa sai a kunna biyu a jere don rama bashi. Kirista ma yana da kwanakin azuminsa kafin Ista. Duk wanda ya tsai da rana a irin wannan lokaci ya sami jama'a a bayansa. Ko a wane lokaci ne dai, a tsai da rana takamaimai, a sanar da iyali da abokan zama, a zubar da sauran sigari da ashana. A makonnin farko a ƙaurace wa wuraren da hannu ya saba: teburin mai shayi da dare, majalisar da ake zagaya kara, gidan burkutu ga mai zuwa can. Baki yana son abin yi, asuwaki da ruwan sanyi da gyaɗa sun isa. Goro kuwa a yi hattara da shi. Hayaƙin taba yana sa hanta ta yi saurin narkar da sinadarin kafin da ke cikin goro da shayi da kofi, idan aka bar sigari sai kafin ya riƙa daɗewa a jiki, mutum ya kasa barci, zuciya ta riƙa bugawa, ya ɗora wa barin sigari laifi. Komawa ga taba gari ko shisha kuwa sauya turke ne kawai, nikotin ɗin yana nan.

Akwai kuma magani, abin da mutanen karkara da yawa ba su taɓa ji ba. A watan Yuli na 2024 Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta na farko na yi wa manya maganin barin taba. Ta ambaci cingam da filastar nikotin, waɗanda ke ba jiki ɗan rabonsa ba tare da hayaƙi ba har a yaye shi, da ƙwayoyi irin su varenicline da bupropion da cytisine, waɗanda sai da izinin likita. Ta kuma ce shawarar ma'aikacin lafiya ta daƙiƙa 30 zuwa minti 3 tana ƙara yawan masu bari, in an haɗa ta da magani kuwa abin ya fi ƙarfi. Wannan ba ya bukatar sabon gini ko kwangila. Abin da yake bukata shi ne malamin asibiti a Obi ko Agwatashi ko Daddere, duk wanda ya zo masa da tari ko hawan jini, ya tambaye shi ko yana shan taba, ya gaya masa abin da zai tarar a kwana na uku, ya ce ya dawo bayan mako. Ƙidayar da aka yi a 2012 ta nuna manya kimanin miliyan 3 ne ke shan taba mai hayaƙi a Nijeriya, kusan dukkansu maza, kuma maza ba su cika zuwa asibiti ba sai ciwo ya kayar da su. Ranar da suka zo ɗin bai kamata a bari ta wuce ba.

Ladan bari kuwa ba ya jinkiri. Cikin awa 12 gubar kabon monoksaid ta sauka a jini. Cikin mako 2 zuwa 12 numfashi ya fara buɗewa, mai ɗaukar doya zai ji bambanci a ƙirjinsa kafin kowa ya gaya masa. Bayan shekara 1 ƙarin haɗarin ciwon zuciya ya ragu da kusan rabi, bayan shekara 10 na ciwon dajin huhu ma haka. Ta wajen aljihu, mai shan kara 10 a rana yana ƙona kara 3,650 a shekara, watau kwali 182 da ɗoriya. Ya tambayi mai tebur kuɗin kwali a yau, ya buga lissafi, ya gwada da kuɗin buhun taki ko na makarantar yaro.

Idan kuma aka yi tuntuɓe aka sha ɗaya, ba a ce an rushe ba, sai dai kada a kwana a wurin. A duba me ya jawo, wane wuri ne, wane aboki ne, wane lokaci ne, a sake ɗaura ɗamara a ranar, kada a ce sai wata Juma'ar. Uwargida ma tana da rawar takawa: gori a ranar da maigida ya faɗi yana tura shi tasha ne, haƙuri da fushinsa na mako biyu ya fi amfani. Shi kuma abokin da ke miƙo kara, a gaya masa tun kafin ranar ta zo cewa in yana son zumunci ya riƙe kayarsa a aljihu.