Mai ƙirjin yana kwance, ana yanke shawara a baranda

A watan da ya wuce mun yi jinyar wani dattijo daga cikinmu a wani asibiti nan Legas. Shekara talatin yana tsaye a kan tukubar tsire, hayaƙin gawayi ya cinye masa huhu. Kwana tara ya yi a gado. Kullum likitoci suka zo zagaye, sai su yi magana da ɗan ƙaninsa da Turanci, yaron ya gyaɗa kai, ya fito baranda ya same mu, mu tattauna, mu yanke. Ranar sallama dattijon ya tambaye mu yaushe zai warke ya koma bakin sana'a. Nan muka yi tsuru-tsuru, domin dukkanmu mun san ciwon ba ya warkewa, lallaɓa shi ake yi. Shi kaɗai ne bai sani ba.

Wannan ciwo na toshewar hanyoyin numfashi, wanda likitoci ke kira COPD, ba ƙaramin abu ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya kashe mutum miliyan 3.5 a shekarar 2021. Taba ce kan gaba wajen jawo shi, amma hayaƙin itace da gawayi da ƙura ma suna yi. Ku dubi sana'o'inmu a kudu: masu tsire, masu shayi, 'yan acaba, direbobin tirela da ke kwana a layin Apapa cikin hayaƙin gas, da matanmu masu tuyar ƙosai. Ga waɗanda suka gama maganin tarin fuka amma ya bar musu tabo a huhu.

Asibiti na da nasa laifin, kuma za mu faɗa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 23, ta ce a sanar da majinyaci halin da yake ciki, da hanyoyin maganin da ake da su, da amfaninsu da haɗarinsu da kuɗinsu, da 'yancinsa na ƙin karɓa, kuma in da hali a yi masa bayanin da harshen da yake ji. Majinyaci ta ce, ba ta ce mai jinya ba. Mun san likita ɗaya na duba mutane da yawa, amma neman tafinta a Agege bai kai wahalar neman jini ba.

Sai dai babban laifin namu ne. Mu ne masu cewa kada a gaya wa Baba, hankalinsa zai tashi. Mu ne masu ganin tunda mun yi karo-karo mun biya kuɗin gado, to bakinmu ya fi nasa. Kuɗin da muka tara taimako ne, ba mu sayi ƙirjinsa da shi ba. Mutumin da ya aurar da 'ya'ya, ya gina gida a garinsu da gumin goshinsa, rana ɗaya don numfashinsa ya sarƙe sai mu mayar da shi yaron goye?

Wasu za su ce ai bai yi boko ba, me ya sani a harkar magani? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shi ya san taku nawa yake yi kafin ya tsaya haki, ya san ko kakinsa ya canza launi, ya san ko zai iya sayen inhela duk wata ko kuwa zai riƙa tsallake kwanaki don ta daɗe. Likitan da bai ji waɗannan daga bakinsa ba zai rubuta maganin da zai ƙare a ƙarƙashin filo. Mun ga wanda ya yi watanni yana fesa inhela a baki kamar turare, ba ya zuƙa zuwa ciki, don ɗansa aka nuna wa.

Rashin bayani har kisa yana iya yi. Masu wannan ciwo ana auna musu iskar oksijin ne da ƙa'ida, galibi ana so ma'aunin yatsa ya tsaya tsakanin 88 da 92, domin in ta yi yawa wasunsu gurɓatacciyar iska kan taru a jininsu, su yi ta barci har su suma. Mai jinya kuwa, don tausayi, sai ya faki idon nas ya ƙara murɗawa. Da an yi wa majinyacin bayani, shi da kansa zai hana.

Sannan akwai shawarwarin da ba wanda ya isa ya yanke wa wani. In jiki ya tsananta, a sa shi a na'urar da ke numfashi a madadinsa ko kada a sa? A ci gaba da jinya a nan, ko a kai shi gida Arewa? Sau nawa 'yan uwa suka sa hannu a takarda suka cire mutum daga asibiti, suka ɗora shi a mota tafiyar yini da kwana cikin ƙurar hunturu, babu oksijin? Wani da an tambaye shi zai zaɓi tafiyar, ya ce gara ya cika a gaban iyalinsa, kuma haƙƙinsa ne. Wani zai ce a bar shi inda yake. Tambayar ana yin ta ne tun yana iya magana.

Don haka kwamitin jinya ya tsayar da cewa daga yanzu duk wanda ƙungiya ta tura asibiti zai tsaya ne a bakin gado ya fassara maganar likita yadda take, ba ragi ba ƙari, ya kuma mayar wa likita amsar majinyacin. In majinyaci ya ce ba ya son ji, ko ya wakilta wani, za mu bi. Ba za a fitar da kuɗin mota daga asusu ba sai mutum biyu sun ji daga bakinsa. Masu jin Turanci ko Yarabanci, maza da mata, musamman mata saboda ɗakin mata, su ba sakatare sunansu bayan taron ranar Lahadi.