Wuƙar "taktikal": karanta wannan zaren kafin ka tura kuɗinka

1/
Jiya da daddare autanmu ya turo min hotuna uku a WhatsApp. Wuƙaƙen aljihu masu naɗewa, baƙaƙe wuluk, ɗaya har da zanen ƙoƙon kan mutum a mariƙinta. Ya ce, "Yaya, wacce zan ɗauka? Taktikal ce fa." Na ce me za ka yi da ita? Ya ce saboda masu ƙwacen waya. Ranar ban yi barci da wuri ba. Zare 🧵

2/
Tun farko in faɗa: ni ba maƙiyin wuƙa ba ne. Haɗa sola nake yi, kullum akwai wuƙa a jakar kayan aikina. Da ita nake farka kwali, in feƙe waya, in yanka tiyo, in ɓare lemo in rana ta yi. Faɗana da wannan kalmar ce, "taktikal", da abin da take sa yaranmu su saya.

3/
Matsayata a taƙaice: wuƙar aljihu kayan aiki ce, kamar filaya da sukundireba. Aikin da kake yi shi zai zaɓa maka ita. In tsoro ne ko son burga ya zaɓa maka, wallahi ka sayi abin da ba ya aiki, ba ya kare ka, kuma zai iya kwana da kai a bayan kanta.

4/
Ina kalmar ta samo asali? Amurka. A ƙarshen shekarun 1980 wasu maƙera irin su Bob Terzuola da Ernest Emerson suka riƙa ƙera wuƙa mai naɗewa don sojoji da jami'an tsaro: a buɗe da hannu ɗaya, ta kulle gam, mariƙin ba ya santsi. Aikin hannu ne, mai tsada, don mutanen da aka horar.

5/
Sai kasuwa ta gano sunan yana sayar da kaya. Yau duk ƙarfen da aka shafa wa baƙin fenti, aka yi masa haƙora kamar kada, aka rubuta sunan wata rundunar da mai ƙerawar bai taɓa gani ba, ya zama "taktikal". Babu hukumar da ke tantance kalmar. Ni ma zan iya rubuta ta a jikin cokalin gidanmu.

6/
Kun san wuƙar da ainihin sojoji suka fi shahara da ita? Ta sojan Suwizalan, wadda aka fara raba musu wajen 1891. Abin da ke jikinta: ruwan wuƙa, abin buɗe gwangwani, basilla, da sukundireba na kwance bindiga. Soja da kansa abincin gwangwani yake buɗewa da tasa. Kai da ke zuwa lakca, yaƙin wa za ka je?

7/
Ɗaya daga cikin wuƙaƙen aljihu mafi daraja a duniya sunanta Sebenza, ta Chris Reeve, haifaffen Afirka ta Kudu da ya koma Amurka. Da yaren Zulu ma'anar sunan "aiki". Babu ƙoƙon kai, babu wuta, babu maciji. Wanda ya iya ƙira bai buƙatar ya tsorata ka kafin ka saya.

8/
Ba ji na yi ba, ni ma an yi da ni. Shekara uku da suka wuce na ga wata a intanet, baƙa, mai kauri, ana danna ta ta faso da ƙara, "tas!" Na tura kuɗi aka kawo. Sati guda ina buɗewa ina rufewa a shago kamar yaro da sabon kayan sallah.

9/
Ran nan ina kan rufin wani gida, ina yanka tiyo mai tauri. Na ɗan murɗa hannu, sakatar ta saki, ruwan wuƙar ya rufo a kan yatsuna biyu. Ɗinki huɗu, sati biyu ban riƙe filaya ba, aikin ya koma hannun wani. Har yau tabon yana nan. Kyan ɗan maciji kenan.

10/
To bari mu bi abin dalla-dalla, don kar a ce zagi kawai na iya. In da gaske wuƙar aiki kake nema, abu biyar za ka duba, a jere: sakata, ƙarfe, siffar baki, girma, mariƙi. Launi ba ya cikin lissafi. Sunan da aka buga a kwali ma haka.

11/
SAKATA. Ita ce abin da ke tsakanin kaifi da yatsunka. Iri uku suka fi yawa. Ta baya, wadda ake danna gadon bayan mariƙi kafin ta rufe, kamar Buck 110 da ta fito a 1964. Tsohon yayi ce, tana son hannu biyu wajen rufewa, amma in an ƙera ta da kyau ba ta cin amana.

12/
Sai ta ciki, laina-lok: siririn ƙarfe a cikin mariƙi da ke tokare gindin ruwan wuƙar. Michael Walker ne ya gyara ta ta zama yadda aka san ta yau, a farkon shekarun 1980. Ta uku firem-lok, inda ɓangaren mariƙin kansa ne ke tokarewa. Dabarar duka mai kyau ce. Matsalar tana wajen masu kwaikwayo.

13/
A jabun, ƙarfen da ke tokarewar siriri ne kamar murfin gwangwanin madara, kuma gefen gindin kawai yake ɗan taɓawa. Irin ta ce ta yanke ni. Buɗe wuƙar ka leƙa ciki: tokarin ya zauna sosai a kan gindin? In da ƙyar ya laƙe, ko ya zarce har ɗaya bangon, ajiye musu kayansu.

14/
Gwaji a gaban mai kaya: buɗe ta, kama bayan ruwan ka girgiza hagu da dama, sama da ƙasa. Kada ta yi ko motsi. Janye yatsunka daga hanyar rufewa, ka danna bayanta a hankali a jikin katako. Rufe ta ka duba: tsinin ya shige ciki gaba ɗaya? In yana leƙowa, cinyarka zai fara gaisarwa.

15/
Ka lura duk wannan ba ya yiwuwa ta hoto. Mai talla zai saka maka bidiyo da kiɗa, yana yanka takarda a iska. Reza ta naira kaɗan ma tana yanka takarda. In ba za ka riƙe a hannu ba, ka tabbata akwai sharaɗin mayarwa. In ya ce "ba a dawo da kaya", ya gama ba ka amsa.

16/
ƘARFE. Mai ƙira na gaskiya yana rubuta sunan ƙarfensa a jikin ruwan. 3Cr13 mai laushi ne, kabon ɗinsa kusan kashi 0.3 cikin ɗari, yanzu ka wasa yanzu ya dakushe. 8Cr13MoV yana da kusan 0.8, mai araha ne kuma yana aiki. 14C28N na Suwidin ya fi su, yana ɗaukar kaifi, ba ya saurin tsatsa.

17/
D2 yana riƙe kaifi ya daɗe, amma wasa shi sai haƙuri, kuma damina tana iya sa masa ɗigon tsatsa in ba ka shafa mai. In abin da aka rubuta kawai shi ne ƙarfen ba ya tsatsa, babu suna babu lamba, ka ɗauka mafi arahar ne. Cokali ma ai ba ya tsatsa.

18/
Kuma rubutu ba rantsuwa ba ne. Akwai masu buga sunan babban kamfani da sunan ƙarfe mai tsada a kan tarkace. In asalin wuƙar kuɗinta ya kai na waya mai kyau, kai kuma an ba ka ita a kuɗin data na wata ɗaya, me kake tsammani? Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

19/
SIFFAR BAKI. Nan burga ta fi cutar mutane. Baki mai haƙoran zarto yana da amfani ga mai yanka igiya mai kauri ko bel kullum. Ga feƙe waya ko ɓare mangwaro, yagawa yake yi. In ya dakushe kuma ba ya wasuwa a kan dutse. Je ka ba mai washin kasuwa ka ga kallon da zai yi maka.

20/
Baki mai kusurwa da ake kira tanto an yi shi ne don huda. Kaifi biyu ne a wuƙa ɗaya, washi biyu kenan. Karambit, mai lanƙwasa kamar farcen damisa da kuke gani a gem, asalinta Sumatra ce a Indonesiya, kayan gona ce tun farko. A hannun wanda bai koya ba, mai ita take fara ci.

21/
Abin da ke aiki shi ne baki sumul mai ɗan ciki, tsininsa ya ɗan sunkuyo. Dubi wuƙar mahauci a kwata, dubi ta mai tsire da ke yanka nama tun la'asar har sha biyun dare. Siririya ce, sumul, ta sha washi har ta rame. Waɗannan su ne ƙwararrun wuƙa a garin nan. Ka taɓa ganin haƙora a tasu?

22/
GIRMA. Ruwa mai tsawon santimita 7 zuwa 8 ya ishe ka kusan komai. Kauri kada ya wuce milimita 3. Masu kaurin milimita 4 ko 5 ɗin nan tsaga suke yi kamar gatari, albasa ma sai ta fashe. Wuƙa mai nauyi kuma ƙarshenta durowa, don babu mai son aljihunsa yana rinjaya.

23/
MARIƘI. Riƙe shi da jiƙaƙƙen hannu, yana zamewa? Matse shi sosai, akwai inda ke cizon tafinka? Yawancin masu ƙayar nan da ramuka an yi su ne don kyamara. Minti goma kana yanka da su hannunka ya yi kanta. Maƙalin aljihu yana da amfani, Spyderco ce ta fara saka shi a 1981, sauran ado ne.

24/
In ka ce in ambaci suna: Opinel ta Faransa, tun 1890 ake yin ta, mariƙin katako, zobe ake murɗawa ya kulle, lamba 8 ruwanta santimita 8.5. Ko Victorinox ƙarama mai almakashi da sukundireba. Ba talla nake ba, ba su san da ni ba. Ka dai kula da jabu. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

25/
Yanzu mu zo kan maganar autanmu, wadda ta hana ni barci: "don kare kai". Na san tsoron gaskiya ne. Babu wanda bai san wani da aka tare aka karɓe wa waya ba, wasu ma rai aka raba su da shi. Ban raina wannan ba. Amma mu yi lissafi da hankali, ba da fim ba.

26/
Masu ƙwace ba sa aiko da sanarwa. Su biyu ne ko uku, makaminsu yana hannu tun kafin ka gan su. Taka tana aljihu, a naɗe, ƙarƙashin riga. Kafin ka laluba an gama. In kuma ka yi nasarar fito da ita, wanda ya zo karɓar waya yanzu ya koma neman ranka, don ya ga nasa a hatsari.

27/
Ce ma ka yi nasara. Ka soki mutum, ya faɗi, bai tashi ba. Daga daren nan kai da gidanku kun shiga wata rayuwa: caji ofis, kotu, lauya, shekaru. Mahaifiyarka tana kai abinci gidan yari saboda wayar da za ka iya sake saya. Miƙa wayar, Auta. In da hanya, ka ba ƙafa iska. Ba ragwanta ba ce.

28/
Abin da ya fi ba ni tsoro ma ba ɓarawo ba ne. Musun ƙwallo ne a majalisa. Rigimar budurwa. Wani ya taka ka a wajen biki. Faɗan da zai ƙare da mari biyu da "a yi haƙuri", in akwai wuƙa a aljihu sai ya ƙare a makabarta. Zuciya minti ɗaya take buƙata.

29/
Sannan ka tuna holen da 'yan sanda ke yi a Kano da sauran garuruwa in sun kama 'yan daba. Me ake shimfiɗawa a gabansu? Wuƙaƙe. In 'yan sintiri suka tare ka ƙarfe sha ɗayan dare da baƙar wuƙa mai ƙoƙon kai, wane bayani za ka yi? Ni tawa tana cikin jaka tare da tasta da filaya, su ne shaiduna.

30/
Masu shirin fita karatu, ku ji. A Ingila wuƙar da aka yarda ka yawo da ita haka kawai ita ce mai naɗewa, marar sakata, da ba ta wuce inci 3 ba. Mai kullewa sai da ƙwaƙƙwaran dalili, kuma "kare kai" ba ya cikin dalilan. Hukuncin yana iya kai shekara 4 a gidan yari.

31/
Jamus ma ta hana yawo da mai kullewa da ake buɗewa da hannu ɗaya. Wato ainihin abin da ake tallata maka a matsayin "taktikal" shi ne abin da dokokin can suka sa wa ido. A filin jirgi kuwa kada ta kwana a jakar hannu, a babban akwati ake sakawa.

32/
Na san masu sayarwa za su cika min akwatin saƙo: "Oga kana ɓata mana kasuwa." Ban hana ku sayar da wuƙa ba. Ku kawo mai kyau, ku faɗi ƙarfenta, ku sayar wa manomi da tela da mai gyaran waya. Ku daina ɗora hoton ɗan ƙwace kuna rubuta "kare kanka" don yaro ɗan shekara 17 ya tura kuɗi.

33/
Wani kuma zai ce ai kakanninmu da wuƙa a ɗamara suke yawo. Haka ne. Makiyayi yana da ita, mafarauci yana da ita, fatake ma haka. Tana cikin kube, tana fita in za a yanka igiya, a sassaƙa sanda, a feɗe dabba. Wanda ke zare ta a kasuwa don a gan shi, tun a wancan zamanin ba sunan kirki ake kiransa da shi ba.

34/
Abin da na ce wa Auta a ƙarshe: rubuto min abu uku da ka yanka a satin nan. Ya yi shiru, can ya turo: "Ledar indomi, tef, da rake." Na ce almakashi da wuƙar kicin ɗin Umma sun ishe ka. Kuɗin kuma ka riƙe, ka hau adaidaita in dare ya yi maimakon ratsa lungu da ƙafa.

35/
Ranar da ka fara aikin da ke buƙatar wuƙa, zo ni zan kai ka mu zaɓa, a hannu, da rana. Sauran ku kuma ga wuƙa ga nama. In kana da ƙani mai irin waɗannan hotunan a waya, tura masa zaren nan, sannan ka kira shi ku yi magana. Allah Ya tsare mu da tsautsayi.