Jadawalin Jirgin Ƙasa Ba Sirrin Gidan Kowa Ba Ne

Yau za mu ɗan ajiye labarin soyayya da kishi gefe guda, mu taɓa wata magana da ta shafi duk wanda ya taɓa zama a tashar Rigasa ko ta Idu yana duban agogo, ba jirgi ba bayani.

Da yawanmu ba su san jadawalin jirgin ƙasa iri biyu ba ne. Akwai wanda ake nuna wa fasinja, mai faɗin lokacin tashi da na isa kawai. Akwai kuma na cikin gida, wanda direba da shugaban tasha da masu ba jirgi hannu suke aiki da shi. A cikinsa ne ake rubuta motsin kowane jirgi, na fasinja da na kaya da wanda zai wuce fanko, da mintin da zai gifta kowace tasha ko da ba zai tsaya ba, da inda zai dakata ya ba wani hanya.

Amfanin saninsa a fili yake. Layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a watan Yulin 2016, mai tsawon kilomita 186, layi ɗaya ne tal. Ke nan jirgin da ya taso daga Kaduna da wanda ya taso daga Abuja dole su haɗu a wata tasha, ɗaya ya rakuɓe ɗaya ya wuce. In ɗaya ya makara, ɗayan ma ya makara. Wanda ke riƙe da jadawalin cikin gida zai iya gane ko lattin na rana ɗaya ne, ko kuwa tun a takarda aka tsara abin da ba zai yiwu ba. Haka makiyayi da manomin da ke tsallaka layi a wajejen Jere ko Rijana, ai ya kamata su san lokacin da ƙarfe zai ratso.

To, wa zai ba mu? Doka ta riga ta ba mu. Ranar 28 ga Mayu, 2011 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a Dokar 'Yancin Samun Bayanai. Ta ce kowa na iya rubuta wa hukumar gwamnati ya nemi takarda, ba sai ya faɗi dalilinsa ba. Hukuma na da kwana 7 ta amsa, in aikin na da yawa ta ƙara wasu 7. In ta ƙi, dole ta rubuta hujjarta, mai nema kuma na da kwana 30 ya garzaya kotu. In aka tabbatar hanawar ba bisa ƙa'ida ba ce, akwai tarar Naira 500,000. Har wanda bai iya rubutu ba dokar ta yarda wani ya nema a madadinsa. Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya kuwa ta gwamnati ce, da kuɗin jama'a da bashin da jama'a za su biya aka shimfiɗa layin.

Na san abin da wasu za su ce: tsaro fa? Ba wanda ya manta daren 28 ga Maris, 2022, lokacin da 'yan bindiga suka dasa bam a layin nan, suka kashe mutane suka sace wasu da dama, har jirgin bai dawo aiki ba sai a Disambar shekarar. Tsoron gaskiya ne, ban raina shi ba. Amma lokacin tashin jirgin fasinja ai duk mai tikiti ya san shi, ɓoye takarda ba ya hana mugu kallon layi daga cikin daji. Abin da ya shafi zirga-zirgar jami'an tsaro a rufe shi, dokar ma ta yarda a cire sashen da ke da haɗari a saki sauran. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a fake da guzuma a harbi karsana, a ce komai sirri ne don kada a ga gazawa.

A Ingila, kamfanin Network Rail mai kula da layukan dogo ya shiga ƙarƙashin irin wannan doka a 2015, kuma yana wallafa jadawalinsa na cikin gida a intanet kyauta. Su ma sun san ta'addanci, amma ba su mai da lokacin jirgi abin raɗa ba.

Saboda haka kirana ga 'yan jarida da ɗalibai da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, har da mu marubuta, shi ne a rubuta a nema. Takarda ɗaya ce zuwa ga shugaban hukumar, a ambaci dokar, a faɗi layin da ake nufi, a karɓi kwafi mai hatimi da kwanan wata, sannan a fara ƙirga. In mutum ɗaya ya rubuta za a iya cusa takardarsa a durowa, in ɗari suka rubuta sai an yi magana. Ga layin Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, gara mu koyi tambaya tun yanzu. Hausawa dai sun ce matambayi ba ya ɓata.