Ku bar ɗora wa littafin fatalwa laifi

Jama'a, da zarar 'yan mata sun fara faɗuwa a makarantar kwana, sai a ce littattafan fatalwa da suke karantawa a waya ne suka jawo musu aljanu. Haba! Lokacin da Sumbuka ta rikita makarantun 'yan mata a Kano a 1995, wace yarinya ce ke da waya? A 2007 A Daidaita Sahu ta ƙona littattafan Hausa, faɗuwar ta tsaya? Ƙawaye su ba juna labarin tsoro da dare ai tatsuniya ce, mu ma da Dodo muka tashi. Iyaye, daga Bebeji har Doguwa, ku leƙa ɗakin kwanan yaranku, ku duba cunkoso, zafi da abincin da ake ba su. A yi ruƙiyya, amma a gyara makaranta.